Inji Ya Buga: Tarihin Gyaran Babur a Ƙasar Gwarzo da Kabo

 Yau tarihi za mu taɓa, sai dai ba na sarauta ko na yaƙi ba. Rumfar bakaniken babur za mu leƙa a yammacin Jihar Kano, ƙasar Gwarzo da Kabo, mu bi diddigin wata tambaya da ake yi a wannan rumfa shekara hamsin ke nan: idan injin tsohon babur ya buga, a gyara shi ko a canza shi?

Daga 1975 zuwa yau an ba wannan tambaya amsa iri huɗu, kuma kowace amsa ta zo ne tare da sauyin darajar Naira da sauyin ƙasar da baburan ke fitowa. Wanda ya san amsar da bakanike ke bayarwa a kowane zamani, ya san nauyin aljihun mutanen karkara a wannan zamanin.

Ƙasar da hanyoyinta

Wanda ya fita daga Kano ta Kabuga, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da barikin Janguza, zai ratsa ƙasar Rimin Gado, ya shiga ta Kabo, sannan ya isa Gwarzo bayan tafiyar kilomita saba'in ko kusa da haka. Daga nan kwalta ta miƙe zuwa Dayi a Jihar Katsina. To amma yawancin jama'ar yankin ba a bakin kwalta suke zaune ba. Daga garuruwa irin su Garo, Gude, Durun, Getso, Kutama da Lakwaya, hanyoyin burji da na ƙafa ne ke tsinkewa zuwa ƙauyuka da gonaki. Da rani rairayi da ƙura, da damina taɓo da zaizayar ruwa. Mota ba ta son irin wannan hanya. Kafin babur, jaki ne ke ɗaukar gyaɗa da auduga zuwa wurin awo, mai ɗan hali kuma ya hau keken Raleigh.

Ita kanta kalmar babur tana da abin lura. A Larabcin Sudan da na Masar akwai wannan kalma, ana kiran inji da ita, da jirgin ruwa mai tururi, har da risho, kuma ana ganin daga can muka aro ta. Idan haka ne, tun farko da sunan injinsa muka raɗa wa abin hawan suna. Kanikawa za su yarda da wannan, domin a wurinsu taya da kujera da fitila duk tufafi ne, inji shi ne babur.

Me ake nufi da inji ya buga?

Kafin mu shiga zamunnan, bari mu buɗe injin, don mu fahimci abin da ake gardama a kansa. Injin ƙaramin babur yana da bulok guda, wato ramin ƙarfe da fistin ke hawa da sauka a cikinsa. A jikin fistin akwai ringi, zobban da ke toshe tsakaninsa da bangon ramin don kada ƙarfin wuta ya tsere. Kwanrod ne ke haɗa fistin da karanshaf, shi kuma karanshaf ya mayar da hawa da saukar zuwa juyawa, ta bi ta kuloci da giya har ta kai taya. Duk waɗannan ƙarafa suna gogar juna sau dubbai a minti ɗaya, abin da ke raba su kawai shi ne ɗan siririn baƙin mai.

Injin iri biyu ne. Akwai mai taku biyu, wanda wuta ke tashi duk lokacin da fistin ya hau. Shi wannan yana ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa yake hayaƙi da ƙara mai kaifi. Akwai mai taku huɗu, wanda sai fistin ya hau sau biyu wuta ke tashi sau ɗaya. Shi yana da bawul, baƙin mansa kuma yana kwance a ƙasan inji, kimanin lita ɗaya, ana yi masa juye lokaci zuwa lokaci.

Inji ba ya bugawa rana ɗaya, sai ya yi ta ba da sanarwa. Hayaƙi ya ƙaru a salansa, fulogi ya riƙa jiƙewa da mai, kik ya yi laushi a ƙafa, babur ya kasa hawan tudun da ya saba hawa. Abubuwan da ke jawo haka a ƙasarmu sanannu ne: ƙurar hunturu da ke shiga idan soson tace iska ya yage, ta riƙa cin ringi kamar ana goga masa yashi, jinkirin juye, baƙin mai na jabu, fetur da aka gauraya da kananzir, da lodin da ya fi ƙarfin inji. Idan aka yi biris, wata rana mai ya ƙafe, fistin ya yi zafi ya kumbura ya cije a cikin bulok, ko boris ɗin kwanrod ya watse a ji ƙwanƙwasa kamar ana dukan ƙarfe da guduma. A nan ne bakanike zai ɗago kai ya ce, "Malam, sai haƙuri, inji ya buga."

Amsa ta farko: zamanin Udoji

A farkon 1975 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashin da kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawara, haɗe da ariyas na watanni. Kuɗin man fetur na shigowa, Naira kuma ta fi Dala daraja. Shekara ɗaya bayan haka, a 1976, aka yi gyaran fasalin ƙananan hukumomi, Gwarzo ta zama ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi ashirin na tsohuwar Jihar Kano, Kabo kuma ta samu tata daga baya. A wannan shekarar ce kuma aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, aka buɗe makarantu a ƙauyuka, aka tura malamai. A farkon shekarun 1980 hukumar KNARDA ta baza malaman gona cikin karkara. Waɗannan su ne mahayan farko masu yawa: malamin makaranta, malamin gona, malamin asibiti, ma'aikacin ƙaramar hukuma, sai kuma ɗan kasuwar da gyaɗa ko shanu suka yi wa rana.

Baburan zamanin na Japan ne, in ban da Vespa ta Italiya da 'yan gayun birni suka fi so. Akwai Honda Benly, akwai Honda roba-roba, akwai Suzuki 100 da Yamaha 100, waɗannan biyun masu taku biyu. Kamfanin Boulos na Legas ne ke kawo Suzuki, John Holt ke kawo Yamaha, Honda kuma ta kafa masana'antar haɗa babura a Ota ta Jihar Ogun a 1979.

A wannan zamani inji bai cika bugawa ba, domin baburan sababbi ne kuma aikinsu kaɗan ne: daga gida zuwa makaranta, ranar Juma'a zuwa masallaci, ƙarshen wata zuwa karɓar albashi. Idan kuma ya buga, amsar mai sauƙi ce. A ɗora shi a mota zuwa Kano, a sayo kayan kamfani na asali a Sabon Gari, a ɗaura. Wanda ya ga gyaran zai ɗauke masa lokaci ya sayar, ya ci bashin sabo a ofis. Kanikawan karkara na lokacin da yawansu daga gyaran keke suka faro, aikinsu faci da wanke fulogi da kafireto. Buɗe cikin inji aikin birni ne.

Amsa ta biyu: a gyara har sai ƙarfe ya ƙare

Farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, a 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu, shigo da kaya ya koma sai da lasisi. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar Naira. Dalar da ba ta kai Naira ɗaya ba a 1980 ta koma wajen Naira huɗu a 1987, ta haura ashirin a 1993. Sabon babur ya fi ƙarfin malamin makaranta. Wanda yake da tsoho ya riƙe shi da hannu biyu.

A lokaci guda kuma aikin babur ya ƙaru. Acaɓa ta bazu, abin da ake kira kabu-kabu a Sakkwato da Nijar, okada a Kudu. Ma'aikacin da albashi ya daina isarsa ya riƙa fita da yamma yana ɗaukar fasinja, ko ya ba wani yaro yana kawo masa balas. Babur ɗin da aka saya don mutum ɗaya ya koma ɗaukar mutum uku da buhu, daga tasha zuwa ƙauye, tun safe har dare. Sai ga wahalar mai ta shekarun 1990, 'yan bumburutu suka cika bakin hanya da galan, ba kowane mai ne tsarkakakke ba. Tsohon inji, aiki mai yawa, mai maras kyau: injuna suka yi ta bugawa.

Wannan zamani ne ya haifi manyan kanikawan babur na karkara, domin tilas ta sa an koyi buɗe inji har ƙasa. Ga yadda aikin yake. Idan bangon bulok ya cinye, ba a yar da shi. Akan kai shi Kano wurin masu injin gurza, a faɗaɗa ramin kaɗan, a sa fistin da ya fi na asali kauri. Kamfanoni na yin irin wannan fistin hawa-hawa: ƙarin 0.25 na milimita, sai 0.50, sai 0.75, sai 1.00. Ke nan bulok ɗaya yana da rai huɗu bayan na farko. Idan aka cinye su duka, a dasa masa sabon bututun ƙarfe a ciki, a koma awon farko, a sake sabon lale. Idan kwanrod ne ya tafi, karanshaf ɗin ƙaramin babur ɓari biyu ne da aka matse da ƙusa a tsakiya. A raba shi, a sa sabon kwanrod da boris, a sake matsewa, sannan a zauna daidaita shi har sai ya juya babu rawa. Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya sa babur karkarwa ya cinye boris cikin 'yan makonni. Bawul kuwa da hannu ake goga shi a mazauninsa har ya zauna daram. Gasket idan babu, a yanka daga takarda mai kauri. Babur biyu da suka mutu a haɗa su a tayar da ɗaya.

Kayan gyara ma suka rabu aji-aji. 'Yan kasuwar Nnewi ta Jihar Anambra, waɗanda suka riƙe cinikin kayan babur a Najeriya, suka riƙa kawo na Taiwan mai sauƙin kuɗi, har kalmar Taiwan ta zama sunan duk abin da ba orijina ba. Ga kuma injuna na hannu da ake shigowa da su ta Legas da Kwatano, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano. Wanda ke neman tsohon ƙarfe a Kano ya san hanyar Ƙofar Ruwa. Sayen inji na hannu kuwa sayen kifi ne a ruwa, ba ka san cikinsa ba sai ka ɗaura ka tayar. Shi ya sa mai babur ba ya zuwa shi kaɗai, da bakanikensa yake tafiya, ya biya masa kuɗin mota da abinci, shi kuma ya juya karanshaf da hannu, ya kasa kunne, ya leƙa ramin fulogi, kafin a yi ciniki.

A wannan zamani daraja ta bakanike a kunnensa take. Akwai waɗanda tun babur bai tsaya ba sun san ko ringi ne ko boris. Yaro kan shekara biyar ko fiye a gaban maigidansa, daga wanke ƙarafa da fetur a kwano, zuwa miƙa sifana, kafin a yarda ya taɓa karanshaf.

Amsa ta uku: a kwance a ɗaura sabo

Daga ƙarshen shekarun 1990 baburan Sin suka fara shigowa da yawa. Wanda ya fi suna a ƙasar Kano shi ne Jincheng, na wani kamfani da ke birnin Nanjing, wanda samfurinsa mai taku biyu ya bi tsarin Suzuki AX100. Lifan da wasu suka biyo baya. A Nnewi, Innocent Chukwuma mai kamfanin Innoson ya riƙa shigo da babura a wargaje yana haɗawa a gida, abin da ya taimaka farashin sabon babur ya faɗo ƙasa da rabin yadda yake a da. Mulkin farar hula ya dawo a 1999, 'yan siyasa suka mayar da rabon babura hanyar saka wa magoya baya. Cikin 'yan shekaru, babur ya tashi daga abin ma'aikaci ya zama abin kowane gida mai ɗan rufin asiri.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Kayan gyaran Sin suka zo a kwali: bulok da fistin da ringi da gasket a haɗe, kuɗinsu bai kai na zuwa Kano gurza tsohon bulok ba idan aka haɗa da kuɗin mota da kwanakin jira. Karanshaf ma da kwanrod ɗinsa a matse yake zuwa. Har inji sukutum ana samu a kwali. Ɗan acaɓar da ke da balas a wuyansa ba zai jira mako guda ba alhali ana iya gama masa kafin la'asar. Sai aikin bakanike ya koma kwancewa da ɗaurawa. Araha ba ta ado, kowa ya san kayan kwali ba su kai na Japan ƙarko ba, amma lissafin ya nuna gara a canza sau biyu da a gyara sau ɗaya.

Tsofaffin baburan Japan su ne suka shiga tsaka mai wuya. Kayansu na asali suka yi wuyar samu. Mai tsohuwar Suzuki ya yi sa'a, domin wasu kayan Jincheng na hawa kanta. Wasu kuma suka cire tsohon injin gaba ɗaya, aka kai gangar jikin wurin mai walda ya gyara mazauni, aka ɗora injin Sin. Haka aka samu baburan da tankinsu ke ɗauke da sunan Japan, cikinsu kuma na Sin ne.

Daga tsakiyar shekarun 2000 sai Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya ta shigo. Mai taku huɗu ce, ba ta shan mai sosai, kujerarta doguwa, tana jure lodi da burji. A hankali ta ture Jincheng a wurin 'yan acaɓa da manoma. Ta kuma zo da nata ciwon: wanda ya saba da mai taku biyu, inda ake ƙara baƙin mai kullum, sai ya manta cewa wannan juye take so a kan lokaci. Injuna da yawa sun buga a kan kuɗin lita ɗaya ta baƙin mai.

Sai abin da ya faru a birni ya taɓa karkara. Ranar 19 ga Janairu 2013 'yan bindiga suka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa, dokar da ta biyo baya kuma ta hana goyo a kan babur a ƙananan hukumomin cikin birni. A Daidaita Sahu, wadda aka fara a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ta gaje titunan Kano. 'Yan acaɓa da yawa dama 'yan ci-rani ne daga ƙananan hukumomi irin namu, sai suka koma gida da baburansu, wasu kuma suka sayar da araha. Ƙauyuka suka cika da baburan da birni ya riga ya gajiyar. Rumfunan gyara suka ƙaru a kowace tasha, amma yaran da suka buɗe su a zamanin kwali suka koyi sana'a.

Amsa ta huɗu: an dawo gidan jiya

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A Yunin 2023 aka saki Naira, Dalar da ke wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Babur da kayansa duk da Dala ake shigo da su. Sabuwar Boxer ta haura Naira miliyan ɗaya. Kwalin da ya kashe gyara shi ma ya yi tsada.

Yau mai tsohon babur a Kabo ko Gwarzo ya koma inda mahaifinsa ya tsaya a 1987. Idan inji ya buga, hanya uku ce a gabansa. Ya canza ringi da fistin kawai, ya yi addu'a bulok ya ɗan ƙara kai shi. Ya sayi rabin inji a kwali, bai san ko aji na nawa aka ba shi ba. Ko ya nemi inji na hannu. Kowace hanya da lokacin da ta dace, kuma lokacin bugawar ma yana cikin lissafi. Injin da ya buga bayan kaka, an sayar da amfanin gona, daban yake da wanda ya buga a watan Yuli, ana neman kuɗin taki. Ga mai noman rani a bakin madatsar Guzuguzu, babur ne ke fitar da tumatir kafin ya lalace. Ga mutumin ƙauyen da ke nesa da kwalta, babur ne ke kai mai naƙuda Babban Asibitin Gwarzo da tsakar dare. Mako biyu babur na jingine a rumfa yana iya zama akuyar da aka sayar, ko bashin da za a kai har wata kakar.

Akwai bambanci biyu tsakanin yau da 1987. Na farko, ƙarfen ya canza. Bulok ɗin Japan an yi shi da naman da za a gurza sau huɗu, kayan kwali masu araha kuwa ba duka ke jure haka ba. Na biyu, hannun ya canza. Waɗanda suka iya raba karanshaf su daidaita shi sun manyanta, wasu sun rasu, wasu ido ya yi rauni, kuma shekara ashirin aka yi ba a neman wannan ilimi wurinsu. Yanzu da buƙatarsa ta dawo, masu shi sun yi ƙaranci.

Lambar inji

Akwai wani ɓangare da ba na sifana ba. Kowane inji da lambarsa a jiki, kuma wannan lamba tana cikin rasit da takardun babur tare da lambar gangar jiki. Wanda ya ɗora wani inji ya canza rabin shaidar babur ɗinsa. Idan aka tsayar da shi a shinge aka ga lamba ba ta dace da takarda ba, sai ya yi bayani, kuma idan injin na sata ne, shi za a fara riƙewa. Ɓarayin babur sun daɗe da sanin cewa wargaza shi a sayar gunduwa-gunduwa ya fi sauƙin ɓatar da sawu.

Matsalar tsaro ta ƙara wa abin nauyi, domin babur ne abin hawan 'yan bindigar daji. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta Jihar Katsina, cikin matakan tsaron da ta ɗauka, ta hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanchi. Gwarzo na iyaka da Jihar Katsina, duk abin da ya taɓa cinikin babur a can ana jin sa a nan. Shi ya sa bakanike mai hankali ba ya ɗaura injin da ba shi da rasit da shaidu, ko da mai babur ɗan'uwansa ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Idan kuma inji ya mutu mutuwar da babu tashi, ba a binne shi. 'Yan gwangwan su saya a kilo, ƙarfen ya tafi kamfanonin narka, gangar alminiyon kuma ta faɗa hannun masu zubin tukwane. Wata tukunyar da ake dafa shinkafar biki a cikinta yau, a da ita ke kai malamin makaranta aji.

Abin da ya shafe mu

Mu da ke koyon rubutu, wannan tarihi yana da amfani a gare mu ta fuska biyu. Ta farko, babur agogo ne a cikin labari. Idan muka ɗora jaruminmu a kan Boxer a 1985, ko muka sa ɗan acaɓa ya ɗauki fasinja a Kantin Kwari a 2016 ba tare da fargabar kamu ba, duk mai karatun da ya rayu a lokacin zai daina yarda da mu. Idan kuma muka rubuta "babur ɗinsa ya lalace" muka wuce, mun bar labarin a baya. Me ya lalace? A wane wata? Nawa aka ce masa, me ya sayar ya biya, wa ya raka shi Ƙofar Ruwa? Abin da mutum ya zaɓa tsakanin ringi kawai da inji na hannu ya isa ya nuna wa mai karatu halinsa da abin da ke aljihunsa, ba sai mun faɗa ba.

Ta biyu ta fi gaggawa. Tarihin sarakunan Kano yana rubuce, na gwamnoni yana cikin jaridu. Tarihin wanda ya fara buɗe injin babur a Getso ko Garo, wurin wa ya koya, yara nawa ya yaye, yana cikin kawunan dattawan da ke zaune a kan benci a bakin tasha. Kowannenmu yana da irin wannan dattijo a garinsu. Mu je mu gaishe shi, mu nemi izininsa, mu zauna da littafi ko mu kunna rikodar waya. Mu tambaye shi babur na farko da ya buɗe, da sunayen da suke kiran kowane ƙarfe, da yadda ake gane ciwon inji da kunne, da shekarar da aiki ya fi yawa da wadda ya fi ƙaranci. Mu rubuta kalmomin yadda ya faɗe su, kada mu gyara masa su zuwa Turanci.

Wanda ya samo wani abu daga garinsu, ko Gwarzo da Kabo ne, ko Ƙaraye, Shanono, Malumfashi ko Maraɗi, ya kawo mana nan mu karanta tare. Allah ya jiƙan magabatanmu masu sana'a, ya sa albarka a hannun waɗanda suka rage. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.